Jirgin da Ba Ya Jiran Mai Sallah

Ina aiki a gidan kula da bisashe na Mayahi lokacin da abin ya faru. Aikina bai wuce yi wa shanu allura ba, sai zaman biro, wato ofis, ina rubuta rahoton da ban tabbata akwai mai karanta shi ba. Wata safiya shugabanmu ya kira ni ya ce wasu makiyayan ƙasar Faransa, waɗanda suka taɓa zuwa suka taimaka aka gina rijiya a wajen Attantane, sun aiko suna son makiyayi ɗaya daga yankin ya je ya ga irin nasu kiwon. Garinsu can cikin duwatsu yake. Makiyayanmu suka zauna suka zaɓi kawuna, shi kuwa ya ce ba inda za shi sai da ni, don ba zai yarda wani bare ya riƙa juya masa magana ba.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne. Dogo ne siriri, ba a raba shi da malfa da sanda, kuma bai iya magana a hankali ba, don ya saba kiran shanu daga nesa. Mahaifiyata Bafulatana ce, mahaifina Bahaushen Tasawa mai sayar da yadi, shi ya sa tun ina ƙarami Kawu bai taɓa kirana da sunana ba, sai Kaɗo. Ya fi ni yawon duniya, amma duk a ƙafa ya yi shi, a bayan garke.

Na ɗauki babur na bi yashi har rugarsu don in yi masa bayanin tafiyar. Na same shi a gindin gawo yana tufka igiya. Na ce za mu hau mota zuwa Yamai, daga nan jirgin sama, in mun sauka kuma sai jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kai mu cikin duwatsu.

"Jirgin ƙasa kam na san shi," in ji Kawu. "Na gan shi a Ƙauran Namoda tun ina saurayi. Har na raka shi da ƙafa muna gaisawa da wani mutumin Tsibiri da ke ciki."

"Kawu, wannan ba irinsa ba ne. Kafin ka shanye shayin farko ya ɗauke ka daga Mayahi ya ajiye ka Maraɗi."

Ya dube ni, ya dubi matarsa da ke dama fura a gefe, suka yi dariya tare. Ya ce ai dama ya gaya wa ƙanwarsa kada ta bari in daɗe a lakwal, makarantar boko ke nan.

Matarsa ta haɗa guzuri kamar za mu aikin Hajji a raƙumi: cuku, dabino, aya, ƙuli-ƙuli, ga kilishin da aka aika aka sayo a Tasawa. Na ce nama da cuku ba za a bar mu mu shiga da su ba, ba wanda ya saurare ni. Ni kuma na shiga wajen ƴan gwanjo na sayo masa wata ƙatuwar rigar sanyi ja, ya gwada ta a kan babbar rigarsa, yaran ruga suka watse da gudu.

A hanyar Yamai motar ta yi abin da ta saba. Lokacin sallah na yi direba ya tsaya, kowa ya sauka, aka yi alwala, aka yi jam'i, masu sayen tsire suka saya, mai neman bayan gida ya nufi bayan wani kango. In direba ya tayar da mota kafin kowa ya dawo, sai fasinjoji su ɗauki ihu, "Saura mutum! Saura mutum!" ya tsaya yana ƙunƙuni har mai shi ya iso yana ɗaure wando. Kawu ya yaba da direban nan ƙwarai, ya ce daga gani ɗan gidan mutunci ne.

A filin jirgi maganata ta tabbata, aka ce kilishi da cuku ba za su wuce ba. Kawu bai yi gardama ba. Ya nemi wuri ya zauna, ya kwance ƙunshin, ya yi ta kiran duk wanda ya gitta, masu shara da masu tura kaya, har wanda ya hana mu ɗin ma sai da ya samu rabonsa. Sandarsa aka naɗe ta da leda aka tura ta tare da akwatuna, yana binta da kallo har ta ɓace. Jirgin sama kuwa bai ce komai a kansa ba. Ya rufe ido tun kafin mu tashi, yana jan carbi, bai buɗe ba sai da muka sauka.

Washegari da hantsi muka isa babbar tashar jirgin ƙasa ta Paris. Kawu na gaba da jar rigarsa da malfa, sanda a kafaɗa, buta a hannu, ni ina baya ina fama da kaya. Da muka iso gun jirgin ya tsaya yana duban kansa, wani dogon baki mai tsini.

"Wanga ai kan damo gare shi," ya ce. "Ina direban? Mu gaisa."

Na ce ba a gaisawa da direba a nan.

"To ina yaran motar? Wa ke ɗaure kaya?"

Na ce babu su, kowa shi ke ɗaukar nasa. Ya girgiza kai. Ya ce shi bai cika son shiga motar da bai ga idon mai tuƙa ta ba.

Muna shiga ya ɗaga murya ya yi sallama. Ba wanda ya amsa. Mutane cike da wurin, amma tsit, kowa ya sunkuya a kan salula ko littafi, wasu sun toshe kunnuwa. Kawu ya sake yin sallama, ya bi layi yana ɗaga wa kowa hannu. Da muka zauna ya matso kusa da kunnena, ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce, har ƙarshen taragon ana ji.

"Kaɗo, rasuwa anka yi?"

Kujerunmu irin masu fuskantar juna ne, da ɗan tebur a tsakani. Gabanmu wata tsohuwa ce ƴar ƙarama mai farin gashi, da jaka a cinyarta. Can sai jakar ta motsa, wani ɗan kare mai gashi kamar tsumma ya leƙo ya zuba wa Kawu ido. Kawu ya tattare rigarsa, ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

"Shi ma biyan mota ya yi?"

Na ce ya biya. Ya ce Allah Mai iko.

Amma zama da mutum ba magana ba abu ne da Kawu zai iya ba. Ya zaro ƙullin aya ya miƙa wa tsohuwar da hannu biyu. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki, ta ciza, sai na ga ta dafe muƙamuƙi. Na yi maza na ce mata a hankali ake taunawa, sai ta jiƙa a baki. Ta daure ta ci gaba, can ta ce tana da daɗi, ta tambaye ni ko wannan bawan Allah sarki ne a ƙasarmu. Na juya wa Kawu.

"Ce mata ni ba sarki ba ne, shanu gare ni."

Ashe an zo gida. Ta ce ita ma a cikin shanu ta tashi, mahaifinta makiyayi ne a duwatsun da za mu, aure ne ya kai ta birni, yanzu kuma ta koma garinsu, wanda a nan jirgin ke tsayawa na ƙarshe, inda mu ma za mu sauka. Nan hira ta ɓarke, ni a tsakiya ina jifa da Hausa ina cafke Faransanci. Suna cikin gardamar ko saniya ta fi ba da nono in ana yi mata waƙa, sai Kawu ya ce, "Wai yaushe za mu tashi ne? Ko ba a cika ba?"

Na nuna masa taga. Gidaje na wucewa, mun daɗe da barin tasha. Ya dubi ruwan da ke cikin kofi a kan tebur, ko motsi ba ya yi.

Da muka fita gari jirgin ya saki jiki. Itatuwa suka daina zama itatuwa, suka koma wani koren zane da ake ja. Kawu ya manna goshi a gilashi. Can ya zabura.

"Kaɗo, dubi wasu hwararen sha…"

Kafin in juya sun wuce. Ya sake hango wasu, ya ɗaga yatsa, kafin yatsan ya miƙe babu su. Ya yi haka har ya gaji, sai ransa ya ɓaci.

"Mi ne ne amfanin tahiyar da ba ka ganin komi? In na koma anka ce mi ka gani, in ce mi? In ce na ga kore?"

Bai rufe baki ba wani jirgin ya gitta ta gefenmu da wata ƙara kamar an mari bango. Kawu ya yi baya, malfarsa ta faɗi, ya yi salati da ƙarfi, karen ya kama haushi. Bai gama dawowa hayyacinsa ba muka faɗa cikin ramin da aka huda wa jirgi a ƙarƙashin tudu. Taga ta yi baƙi ƙirin, kunnuwanmu suka toshe. Ni na san haka ake yi, na haɗiye yawu. Kawu kuwa ya kama hannuna ya ƙwala ihu, don shi ba ya jin muryar kansa.

"Kaɗo! Na kurumce! Kana jina? Ni ba ni jin ka!"

Duk taragon aka ɗago kai, wannan ne karo na farko da suka amsa masa. Tsohuwar ta buɗe jaka ta ba shi alewa, ta nuna masa ya tsotsa. Ya tsotsa, kunnen ya buɗe, ya ce in gaya mata mahaifinta ya yi tarbiyya.

Rana ta karkata, Kawu ya soma duban sama ta taga. Ya ɗauki butarsa ya tafi makewayi, ya daɗe, ya dawo hannun riga a jiƙe yana mita wai ɗakin ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba. Ya ce azahar ta yi. Na ce mu matafiya ne, za mu iya haɗa ta da la'asar in mun sauka, ko kuma ya yi ta a zaune.

"Ƙafata lahiya lau, don mi zan yi sallah zaune? Kuma wanga abu da ke juya gabas kamar dawo cikin ƙwarya, ina zan duba?"

Na lallashe shi har ya yi shiru, na ɗauka maganar ta mutu. Na ce bari in je taragon da ake sayar da abinci in samo mana shayi, ya zauna kada ya motsa. Na bar salulata a kan tebur tana shan caji.

Layi na tarar a can. Ina tsaye na ji jirgin yana rage gudu, ya tsaya a wata tasha da ke tsakiyar gonaki. Na karɓi shayi kofi biyu na dawo ina takawa a hankali. Kujerar Kawu ba kowa. Tsohuwar ta nuna mini taga da hannu biyu, idonta a waje.

Ga Kawu can a dandamali. Ya tuɓe takalma ya jera su, ya shimfiɗa ƴar dardumarsa, ya ajiye buta a gefe, har ya kabbara.

Ban san yadda na kai bakin ƙofa ba, shayi na zuba a yatsuna. Na tsaya ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje ina kiran "Kawu! Kawu!" alhali na san ko wuta ce ta kama ba zai waiwayo ba. Wani ma'aikaci mai hula yana tsaye da usur a baki. Na roƙe shi da duk Faransancin da na koya a lakwal, na ce tsoho ne, addu'a yake yi, yanzu zai gama. Mutumin ya dubi Kawu da ke ruku'u, ya dubi agogonsa, ya ɗaga kafaɗu, ya ce ya yi mini baƙin ciki ƙwarai amma ko in shiga ko in fita. Ƙofa ta soma ƙara. Na tuna fuskar mahaifiyata in na koma na ce mata na bar yayanta a wata gona a Faransa. Na sauka.

Jirgin ya zare jiki ya tafi ba ko gyaran murya. Abin da na gani na ƙarshe shi ne fuskar tsohuwar a gilashi, da ta karen a gefenta. Akwatunanmu, salulata, sandar Kawu, duk suka tafi duwatsu ba mu. Allah Ya taimake ni takardunmu suna cikin ƴar jakar da na rataya a ƙarƙashin riga.

Kawu ya sallame, ya zauna ya yi addu'a a tsanake, ya shafa. Sannan ya waiwaya ya ga ƙarafuna biyu sun miƙe ba komai a kansu.

"Shan mai ya tahi?"

"Ya tafi, Kawu. Tafiya ta gaba ɗaya."

"Ba wanda ya ce saura mutum?"

"Babu."

Ya yi nazarin wannan al'amari. Can ya ce kada in damu, direban zai waiga ya ga kujera biyu ba kowa, kunya za ta sa ya dawo. Nan na kasa riƙe kaina. Na ce masa wannan ba motar Tasawa ba ce, na gaya masa kada ya motsa, yanzu ga shi ba mu da kaya, ba mu da waya, ban ma san sunan inda muke ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya bar ni har na ƙare, yana kallona kamar ɗan maraƙin da ke tsalle a turke.

"Kai ka yi taka sallar?"

Na ce ban yi ba.

"To ga buta, da sauran ruwa."

Haka na yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, na hau dardumarsa. Da na idar muka zauna a benci muka sha shayin da ya riga ya huce. Sai a lokacin ya lalubi kafaɗarsa, fuskarsa ta sauya. Akwatuna ba su dame shi ba, amma da ya gane sandarsa na cikin jirgin, sai ya miƙe tsaye ya ce lalle direban nan ba shi da tsoron Allah.

Muka shiga cikin tashar muka sami wata mata a bayan gilashi. Na yi mata bayani tun daga farko. Ta leƙo ta ga Kawu da jar riga da buta, ta cije leɓe tana son ta riƙe dariya, ta kasa. Ta buga waya, ta yi magana mai tsawo, ta ce za a kula da kayanmu, za a kuma sanar da wanda ya zo tarbarmu. Sai dai jirgi mai gudu ba zai sake tsayawa a nan ba sai gobe, don haka za ta sa mu a ƙaramin jirgin da ke bin ƙauyuka.

Wannan ƙaramin jirgin shi ya gyara wa Kawu zuciya. Yana tafe yana jijjiga, yana tsayawa a kowane gari, mutane na hawa da kekuna da kwandunan kasuwa, wani dattijo har ya amsa masa gaisuwa. Shanu kuma suka tsaya a gonakinsu ana kallonsu a natse. Kawu ya miƙe ƙafa ya ce, "Yauwa. Wanga shi ne jirgi. Wancan aljani ne."

Da la'asar sakaliya ya dubi gabanmu ya ce mu gode wa Allah muna cikin rufi, ga hadari can ya haɗu baƙi ƙirin, yau ruwa za a kwana ana yi. Na duba. Na ce, "Kawu, ba hadari ba ne. Duwatsun ke nan."

Bai yarda ba sai da muka matsa kusa, abin ya rufe rabin sama, itatuwa suka bayyana a jikinsa, da gidaje ƙanana a maƙale can sama kamar sheƙar tsuntsu. Mu da tudun da muka sani bai wuce na yashi ba, wanda babur ke hawa in an taimaka masa da ƙafa. Ni kaina bakina a buɗe yake. Kawu ya cire malfa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya nuna farin da ke bisa ƙololuwa.

"Wancan kanwa ce?"

Na ce ƙanƙara ce.

"Kash," ya ce. "Da kanwa ce da shanun garin ga sun huta."

Ana gab da magariba muka isa. A dandamali ga mai masaukinmu, wani ƙaton Bature mai jan gemu wanda Kawu ya sani tun zuwansu Attantane. Kusa da shi ga tsohuwarmu a tsaye, ta dogara sandar Kawu, akwatunanmu a jere a gabanta, karen na zaune a kan na Kawu. Ashe ita ta sa aka sauke kayan, ta nemo mai jan gemu a cikin jama'a, ta kuma ƙi tafiya gida sai ta ga isowarmu. Ta miƙo mini salulata, ta miƙa wa Kawu sandarsa da hannu biyu kamar yadda ya miƙa mata aya. Ta ce in ba shi haƙuri, karen ya sami ƙuli-ƙuli ya yi masa ɓarna. Kawu ya karɓi sanda ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya ce a bar karen, ai gadi ya yi, haƙƙinsa ya ci.

Kwanakin da muka yi a can suna da nasu labarin. An ɗauke mu a mota an hau da mu wata hanya mai naɗewa kamar hanjin rago, Kawu ya rufe ido yana cewa a gaya masa in an iso. A sama muka tarar da shanu jajaye masu ƙararrawa a wuya kamar ƙwarya, suna kiwo a gangaren da ko akuyar Mayahi sai ta yi shawara kafin ta hau. Ya zagaya ɗaya yana dubawa, ya tambaya wa ya kwashe musu tozo, me kuma ya cinye musu ƙaho. Da ya sunkuya ya ga girman hantsa kuwa, sai ya jinjina kai ya koma gefe. Ya yi wa saniyar kira irin na rugarsu, ta dube shi ta ci gaba da cin ciyawa, ya ce ba laifinta ba ne, ba ta jin Fillanci.

Da aka kawo mana cukunsu, wanda suke alfahari da shi, Kawu ya shinshina ya tambaye ni a kunne ko ya daɗe da mutuwa. Kunya ba ta bar shi ya ƙi karɓa ba. Ya yi godiya, ya faki ido ya zura shi a aljihun jar riga. Su kuwa suka ga ya ƙare da wuri suka ƙara masa. Kafin mu bar garin ba mai iya zama kusa da rigar nan, sai da na fita da ita bayan gida na zazzage.

A dawowa jirgi mai gudun muka sake hawa. Kawu ya yi sallolinsa tun a tasha, ya zauna ya rungume sandarsa, ko makewayi bai je ba har muka sauka.

Da muka koma gida mutane suka yi ta zuwa ruga jin labari. Maganar shanu marasa tozo an yarda da ita, don wani ya ce ya taɓa gani a talabijin. Maganar kare mai biyan mota aka yi ta dariya. Amma da Kawu ya ce jirgi ya tafi ya bar mutum yana sallah, kuma cikin jama'ar nan duka ba wanda ya buɗe baki, sai wani tsoho ya ce wannan kam Kawu ya ƙara gishiri, babu ƙasar da za a yi haka.

Bayan kaka Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi cikin garke da safe, ya kama kunnen wata karsana ja mai farin goshi, ya ce in buga wa tsohuwar nan waya, tunda ta ba ni lambarta, in gaya mata wannan tata ce. Na hau tudu inda ake samun layi na kira. Ta yi ta murna da jin muryata, amma da na isar da saƙon sai ta ce ita a bene take zaune, ɗakinta biyu, ina za ta kai saniya? Na gaya wa Kawu.

"Wa ya ce ta ɗauka? Ce mata tana nan wurina, ni ke kiwo. Ta dai san tana da saniya."

Na faɗa mata. Na ji tana dariya, ta ce tun rasuwar mahaifinta ba ta sake mallakar ko kaza ba. Ta roƙa a aiko mata hoto. Kawu ya sa jar rigarsa cikin zafin nan, ya tsaya kusa da karsanar ya ƙame kamar soja, na ɗauka.

Saniyar Madam, haka ake kiranta a rugar har yau. Ta haihu, ƴarta ma ta haihu. Duk haihuwa sai Kawu ya sa na hau tudu na kai rahoto, ita kuma ta tambayi lafiyar kowace ɗaya. Bara da rani ya yi tsanani Kawu ya sayar da wasu daga cikin nasa don ya sayi dusa, dillali ya nuna jar saniyar ya ce ita yake so. Kawu ya ce wannan ba shi da iko da ita, mai ita tana Faransa, in yana so ya je can su daidaita.